Dutsen Albasa da Sanƙon Baba

A gidanmu na Lamorde, murhun Dada ba na girki ba ne. Girki yana can madafa, wajen Inna da matar Bappa. Nata murhun yana ƙofar ɗakinta, daidai tsakiyar gida, inda take hura 'yar wuta bayan magariba saboda gwiwoyinta da ke mata ciwo. Idan damina ta fara ja da baya, sabuwar gyaɗa ta shigo, nan mu jikokinta muke taruwa, kowa da masararsa ko gyaɗarsa, mu tura cikin toka mu zauna jira.

Dada kakata ce, mahaifiyar Baba. Daga duwatsun wajen Betso aka auro ta. Kakanmu tela ne, mutumin ƙasar Katsina, wanda ya zo Mubi da keken ɗinkinsa ya ga wuri ya zauna. Ni ban riske shi ba. Ita kuwa ta tsufa a cikin Hausawa, amma Hausarta ba ta taɓa yarda akwai mace a duniya ba. A bakinta kowa namiji ne. Amarya ya zo, kaza ya yi ƙwai, Innarku ya haihu. Ko tatsuniya ba ta tsira ba, don in za ta fara sai ta gyara zama ta ce:

"Ga shi nan, ga shi nanku."

Mu kuma mu haɗa baki: "Ya zo mu ji shi! Amma Dada, na yau mace ne ko namiji?"

"In ya ɗaura zane za ku sani."

Ba ta fara tatsuniya sai ta aika an ɗauko mata wani ƙoƙo da ke rataye a ragaya. A cikinsa akwai auduga, a cikin audugar akwai dutse. Girmansa bai wuce dunƙulen hannun babban mutum ba. Launinsa shunayya ne mai haske, irin na ɓawon jar albasa, wani gefen kuma ya yi duhu kamar jibi, maganin nan da ake shafa mana a gyambo. In hasken wuta ya doke shi sai ya riƙa ƙyalli kamar jikin kifi. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, dutse ne amma ba shi da ƙarfin dutse. Farce yana kartarsa. In ka sa ɗan yatsa a gefensa sai ya ɓare, ganye-ganye, siriri har kana hango wuta ta cikinsa. Shi ya sa muka raɗa masa dutsen albasa.

Dokokinsa sun fi na jariri yawa. Ruwa ba ya taɓa shi. Ba a barinsa a rana. Ba a haɗa shi da makulli ko allura ko wani ƙarfe. In ya yi ƙura, da busasshen tsumma mai laushi take share shi, a hankali, tana yi masa magana da yarensu. Sau ɗaya matar Bappa, tana sabuwar amarya, ta ga dutsen ta ce wannan ai datti ya kama shi, ta nufi randa da shi da sabulu da soson ƙarfe. An ce ranar ce kaɗai aka ga Dada ta yi gudu.

In muka tambaye ta inda ta samo shi, kowane dare da amsarsa. Yau wata tsohuwa ce ta ba ta a bakin mayo, wato rafi, gobe daga sama ya faɗo, jibi kura ce ta yi amansa. Inna ce ta faɗa min gaskiya daga baya: Kakanmu ne ya kawo shi tsaraba daga ƙasar Nasarawa, lokacin da ya je yi wa masu haƙar kuza ɗinki. Dada ta yi tsammanin atamfa, aka miƙa mata dutse. Wai ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba.

A shekarar da nake ba da labari, gidanmu ya ɗauki zafi. Baba da ƙaninsa Bappa Bala su biyu Dada ta haifa, su biyun kuma teloli ne, shago ɗaya suke zama a kasuwa, gida ɗaya suke kwana. Dada ba ta kiran sunansu. Baba shi ne Babba, Bappa shi ne Ƙarami, duk da cewa Ƙaramin sai ya sunkuya yake shiga ƙofar zaure, Babban kuwa gajere ne, ga sanƙo tun daga goshi har ƙeya. Tun da muka yi wayo faɗa suke yi. Sun yi a kan tashar da za a kama a rediyo, sun yi a kan wanda zai sa kekensa kusa da taga, sun yi wata guda a kan ko Kakanmu yana cin yaji ko ba ya ci. Amma wannan karon abin ya wuce na kullum.

Bappa ne ya sayo agwagi. Agwagin nan, duk faɗin gidan, ba inda ya yi musu daɗin kashi sai dandamalin da Baba yake shimfiɗa buzunsa. Baba ya yi magana, Bappa ya ce agwagwa ba ta san buzu ba. Ba a daɗe ba ragon Baba ya kwance ya cinye yakuwa da kuɓewar da matar Bappa ta shuka a bayan ɗaki, ya ƙara da hannun wata rigar shadda da Bappa ya shanya, rigar mutane. Bappa ya yi magana, Baba ya ce rago bai san shadda ba. Daga nan magana ta tafi har kan abubuwan da aka yi tun ba a haife mu ba. Aka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Wata safiya sai ga amalanke ta sauke bulo a ƙofar gida. Za a raba gidan da katanga.

Mu yara ba mu ɗauki abin wasa ba. Asabe, 'yar Bappa, sa'ata ce, tabarma ɗaya muke kwana a ɗakin Dada, ƙwarƙwatarmu ma ɗaya ce. Muka auna da ido muka ga in aka ja katanga daga zaure zuwa bishiyar mangwaro, ta kan murhun Dada za ta bi. Ɗakinta kuma dole ya faɗa ɓangare ɗaya. Ba wanda ya tambaye ta ɓangaren da take so, ita ma ba ta ce komai ba. Amma Inna ta ce ta daina cinye abincinta.

A cikin kwanakin nan ne, wata magariba, ta buɗe ƙoƙon ta ɗora dutsen a tafin hannunta. Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana murɗa rediyo. Bappa yana ƙofar nasa yana yanke farce. Kowanne ya ba wa ɗaya baya, kowanne ya nuna ba ya sauraro. Dada ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce a can saman dutse an yi wani mutum mai zafin kai, wanda ba a taɓa yin irinsa ba. In ya yi tuntuɓe sai ya koma ya zagi dutsen da uwar dutsen. In ruwa ya yi yawa ya zagi sama, in ya yi kaɗan ya zagi sama. Kajinsa a gidan maƙwabta suke zuwa yin ƙwai don su samu natsuwa. Jakinsa da kansa ya kwance igiya ya koma wani gari.

"Dada, mace ne ko namiji?" in ji Asabe.

"Wannan ko ba zane ka san namiji ne."

Mutumin nan ya ɓata da kowa a garin, har ya zama ba mai amsa masa gaisuwa. Sai ya ce shi ne aka zalunta. Ya sauka daga dutse ya je wurin wata tsohuwa a bakin mayo ya ce ta ba shi abin da zai gama da maƙiyansa gaba ɗaya. Tsohuwa ta duba shi sama da ƙasa ta miƙa masa dutse irin wannan. Ta ce ya ɗauka a tafin hannu ya kai shi gida lafiya. Kada ruwa ya taɓa shi, kada rana ta gasa shi, kada ya matse shi. In ya isa gida da shi, to ba zai sake kwana da maƙiyi ko ɗaya ba.

Ya kama hanya yana murna, yana lissafa waɗanda za su fara mutuwa. Bai yi nisa ba sai ga biri a kan tsamiya. Biri ya ce, "Kai mai kai kamar tulu, ina za ka?" Nan take ya dunƙule hannu. Sai ya ji ƙaras, ganye ɗaya ya ɓare ya faɗi. Ya yi maza ya buɗe hannun. Biri ya ƙara masa da zagin hanci da na kunne. Ya tsaya yana rawar jiki, hannu a buɗe kamar mai roƙon gishiri, ya ce, "Sannu da hutawa, biri." Birin ya ji tsoro ya faɗo daga bishiya.

Dada ta tsaya a nan ta nuna mana yadda birin ya faɗo, da hannu da baki, har sai da muka kwanta da dariya. Daga ƙofar Bappa ma na ji wani tari da bai yi kama da tari ba.

Rana ta take, babu inuwa sai rumfar wata mai fura da ya taɓa kifar wa ƙwarya. Dole ya yi sallama ya nemi wurin zama. Ya zo wani rafi da ya cika, babu mai ƙetarar da shi sai wani mai jaki da ya taɓa mara. Dole ya ba shi haƙuri, ya hau jaki yana ɗaga hannu sama kamar mai ɗauke da miya. Ya kusa gida hadari ya taso, gida mafi kusa kuwa na maƙwabcinsa ne, wanda suka shekara ba sa magana a kan iyakar gona. Ya tsaya a ƙofa ruwa yana dukan bayansa, ya sunkuya ya rufe dutsen da cikinsa, ya ce, "Salamu alaikum, maƙwabci, ina gajiya?" Maƙwabci ya ɗauka mutuwa zai yi, ya shigar da shi, ya hura masa wuta, aka kawo masa kunu.

Da ya isa gida, dutsen ya rage kaɗan amma yana nan. Ya zauna zai fara aiki da shi. Ya tuna mai fura, ya ce a'a, wannan ta ba ni inuwa. Ya tuna mai jaki, ya ce a'a. Ya tuna maƙwabci, kununsa yana cikinsa. Ya duba gabas ya duba yamma, ba maƙiyi ko ɗaya. Sai ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce tsohuwar nan ta cuce shi, ya tashi zai koma ya ci mata mutunci. Amma dole ya tafi da dutsen don ya jefa mata abinta, hanyar kuwa ita ce dai wadda ya biyo.

"Har yau yana hanya," in ji Dada. "Yana gaishe da mutane. Ya ƙare. Wanda bai yarda ba, biri yana nan, ya je ya tambaye shi."

Ta mayar da dutsen cikin auduga, ta ce, kamar da mu take, "Wannan dutse, zafin kai ba ya zama kusa da shi."

Washegari da hantsi Dada tana yi min kitso. Kaina yana tsakanin gwiwoyinta, fuskata a ƙasa, yadda babba ba ya lura akwai mutum a wurin. Sai ga ƙafafun Baba. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya tambayi gwiwa, ya tambayi barci, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya rage murya.

"Dada, dutsen nan naki. Da gaske yana sanyaya kai?"

"Kanka yana zafi?"

"Ni? Ni lafiyata ƙalau. Yaron nan ne. Tun yana ƙarami kin san yadda yake. Ina ganin ba yin kansa ba ne, ciwo ne. Da za ki ɗan ɓaro min ganye ɗaya."

Dada ta ci gaba da jan gashina. Can ta ce a miƙo mata ƙoƙo. Ta sa farce ta ɓaro ganye mai faɗi ta naɗe masa a auduga. "Kada ka sa masa a ruwa. Kada ka sa masa a abinci. Dutse ne, ba kanwa ba."

"To ina zan sa?"

"Ina ne ciwon?"

Baba ya taɓa hularsa, ya gyaɗa kai, ya tafi.

Ba a gama min gefe ɗaya ba sai ga wasu ƙafafun, manya. Bappa ya durƙusa har ƙasa.

"Dada, wata magana ce, amma kada ta fita. Hamma ne." Haka yake kiran Baba, kamar yadda ake kiran wa a wajenmu, ko suna tsakiyar faɗa. "Shekaru sun fara kama shi. Kin ga gashi babu, rana kai tsaye take shiga. Ni ba don kaina ba, tausayinsa nake ji. Dutsen nan..."

Na ji gwiwoyin Dada suna rawa a kunnuwana. Na ɗauka ciwon ne, ashe dariya take dannewa. Ta ɓaro masa nasa, ta yi masa gargaɗi iri ɗaya. Da ya tafi ta kama kitson ƙeyata ta ja har sai da na ga taurari.

"Dija, kunnenka ya ji wani abu?"

"A'a, Dada."

"Yauwa. Yaro mai hankali."

Yadda suka yi da hulunan, mai wankin hula na bakin layinmu ne ya ba da labari daga baya, ya kuma ci gaba da bayarwa har ya tsufa. Kowannensu yana da hular da ba ya sa wa sai ranar babbar magana, dukansu kuma sun kai wanki saboda ranar da magini zai zo. Da la'asar Baba ya je ya ce a ba shi hular ƙaninsa zai kai masa. Bai daɗe da tafiya ba Bappa ya zo ya ce a ba shi ta wansa. Mai wanki ya ce shi dai ya san mutanen nan ba sa ga maciji, amma ya bayar. Teloli ne, farke shafin cikin hula a tura abu a mayar da ɗinki ba komai ba ne a wurinsu. Kafin magariba kowace hula ta koma wurin mai ita ta hannun matan gida, an ce mai wanki ne ya aiko.

Ranar Asabar magini ya zo da igiyarsa da turaku, tare da wani dattijo daga gidan mai unguwa da zai yi shaida. An yi ruwa da asuba, rana kuma ta fito da ƙarfi, irin zafin nan mai sa gumi ya tsiyaya. Baba ya fito da babbar riga da hularsa, Bappa ma haka. Dada ta fito da kujerarta 'yar tsugunne ta zauna a bakin murhunta, ta miƙe ƙafafu daidai inda igiya za ta bi. Ni da Asabe muka maƙale a bayanta, hannuna cikin nata.

Abin da na lura shi ne, kowannensu yana satar kallon ɗaya, kamar mai jiran ruwa ya tafasa. Baba ya yi gaisuwa a hankali don ya gwada. Bappa ya amsa a hankali don ya gwada. Kowa ya ɗan yi murmushi, a ransa yana cewa magani ya fara kamawa. Har dattijon ya ce to ko dai a fasa ne.

Sai magini ya tambaya mangwaro a ɓangaren wa zai faɗa.

Baba ya ce ai shi ya dasa shi. Bappa ya ce shi ya yi ta ba shi ruwa. Baba ya ce lokacin da aka dasa shi Bappa ko wando bai fara sa wa ba. Bappa ya ce ai da ma fitsarinsa ne ya raya shi. Murya ta hau. Dukansu suna da hali ɗaya da suka gada, in rai ya ɓaci sai su riƙa tura hula gaba, su tura ta baya, su danna ta da tafin hannu. Suka yi ta turawa suna dannawa, gumi yana zuba. Ana cikin haka wata agwagwa ta ratso ta tsakiyar taron, ta tsaya a kan takalmin Baba, ta yi abin da ta saba.

Baba ya cire hula ya buga ta da ƙasa.

Ganyen dutsen ya riga ya niƙe ya zama gari, ya biyo gumi ta cikin shafin hular ya kwanta a kan sanƙon. Rana ta doke shi. Kan Baba, tun daga goshi har ƙeya, ya koma shunayya yana walƙiya kamar kwalliyar amarya. Wani ya gangaro ta gira, wani ya sauka a hanci. Shi bai sani ba, yana ta nuna agwagwa da yatsa, duk inda ya juya kai sai haske ya bi katangar maƙwabta.

Magini ya saki igiya. Dattijon ya fara salati. Bappa kuwa, maimakon ya yi shiru, sai ya juya wajen Dada cikin ɓacin rai na gaske ya ce:

"Dada, dutsenki bai yi aiki ba! Ga shi duk ya shiga kan amma dubi yadda yake yi!"

Baba ya shafa kansa ya duba tafin hannu. Ya duba Bappa. Na ga lokacin da ya gane, na kuma ga lokacin da ya tuna nasa aikin. Ya yi tsalle, don sai da tsalle, ya fizge hular Bappa.

Shi Bappa yana da gashi, ga saje, ga gemu. Garin ya shiga ko'ina. Ya tsaya ƙato guda yana ƙyalƙyali kamar kayan sallar yara.

"Kai ka sa min?" in ji Baba.

"Kai ma ka sa min, Hamma?"

"Ni don in taimake ka na yi!"

"Ni ma don in taimake ka!"

"Ni me ya same ni da za ka taimake ni?"

Inna ce ta fara, daga ƙofar madafa, ta toshe baki da gyale amma abin ya fi ƙarfinta. Matar Bappa ta zauna a ƙasa. Magini ya jingina da bulo yana share hawaye. Dada ta yi dariya har sai da muka riƙe ta kada ta faɗo daga kujera. Su biyun suka tsaya suna muzurai, kowa yana ƙoƙarin ya riƙe fushinsa, amma da wuya mutum ya ci gaba da faɗa da wanda kansa yake walƙiya. Bappa ne ya fara karyewa. Baba ya daure, ya daure, sai kafaɗunsa suka fara rawa.

Da Dada ta samu numfashi ta ce, "Ni na haifi wawa biyu. Babba ya zo, ya ce Ƙarami ba shi da lafiya. Ƙarami ya zo, ya ce Babba ba shi da lafiya. Ba wanda ya ce ni ne." Ta share ido da bakin zane, muryarta ta sauka. "Amma kowa ya zo neman magani wa ɗan'uwansa. Ba wanda ya zo ya ce min, Dada, wane gefe za ka zauna. To ni ina nan. Magini, in za ka gina, gina a kan ƙafana."

Ba wanda ya sake dariya. Baba ya sunkuya ya ɗauki hularsa yana kaɗewa, ya daɗe yana kaɗewa. Bappa ya tsuguna ya fara tuge turakun da aka kafa.

Ba a mayar da bulon ba. Magini ya gina wa agwagi ɗaki a kusurwar gabas, ya gina wa rago nasa a kusurwar yamma. An yi faɗa a kan wane ɗaki ya fi girma, amma a kwano ɗaya aka yi shi. Ƙyallin kuwa ya ƙi fita. In suka wanke sai ya ƙara bazuwa. Ya shiga tawul, ya shiga matashi, ya shiga kayan mutane a shago, har wata mata ta dawo ta ce a yi wa ƙanwarta irin wannan adon. Mun daɗe muna tsintarsa a cikin tuwo.

Sai da na yi aure na san sunan dutsen. Ƙanin mijina ya tafi haƙar ma'adinai ya dawo da guntunsa a aljihu, ina gani na gane shi. Ya ce su a rami litiyam suke ce masa, masu saye kuma suna cewa lefidolait, wai daga cikinsa ake fitar da abin da ake yin batirin waya. Ya nuna min a wayarsa cewa a wasu ƙasashe masu nisa mutane suna ajiye shi a ƙarƙashin matashi, wai yana kwantar da hankali yana kawo barci, su ma kuma suna gargaɗin kada a jiƙa shi. Na ce ashe Baba da Bappa suna da dangi a ko'ina.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tana cewa ne mutum ya daina fushi. Yanzu da na ga shekaru, ba na jin haka Dada take nufi. Mutumin nan na saman dutse bai daina fushi ba, har ƙarshen labari a fusace yake. Abin da ya faru shi ne an sa masa wani abu a hannu da yake tsoron ya fashe. Baba da Bappa ma ba su canza ba ko kaɗan, Dada kuma ba ta taɓa sa ran za su canza ba. Ita ce abin da suke riƙe da shi su biyu. Shi ya sa da ta rasu, bayan kukan rashinta, akwai wani tsoro da ni da Asabe muka yi wanda ba mu faɗa wa kowa ba. Lokacin Bappa ya riga ya gina gida a Kolere ya koma da iyalinsa. Muka ce shi ke nan, ba abin da zai sake haɗa su sai jana'iza.

Da aka zo raba 'yan kayanta, aka sauko da ƙoƙon. Dutsen ya ƙanƙance, bai fi ƙwan kaza ba. Baba ya tura shi gaban Bappa ya ce, "Ɗauka, kai ka fi bukata." Bappa ya turo shi ya ce, "Haba Hamma, duk garin nan an san wanda ya fi bukata." Aka yi faɗa sosai. Bappa ya tafi ya bar shi. Bayan kwana biyu Baba ya hau mashin ya kai masa har gida, ya ajiye a kan tabarmarsa tare da baƙar magana. Mako bai cika ba Bappa ya dawo da shi da tasa maganar. Abin da ake yi ke nan har yau.

Daminar da ta wuce na je gaishe su a Lamorde, na tarar da Baba a zaure, ya tsufa, yana naɗe ƙoƙon a cikin leda, ya ƙara wata ledar, yana ɗaurewa da ƙyalle. Hadari ya haɗu, mai mashin yana jira a waje yana duban sama.

Na ce, "Baba, ruwa zai sauko, ka san hanyar Kolere. Ka bari sai gobe mana."

"Gobe? Jiya ya aiko min da shi ta hannun jikansa, ko zuwa bai yi ba. Raini ne. Yau sai na ji dalili."

Ya tura ƙoƙon cikin riga daidai ciki, ya dafe da hannu biyu, mai mashin ya taimaka masa ya hau. Har sun ɗan yi gaba ya sa aka tsaya, ya waiwayo.

"Ki ce wa Innarku kada ta ajiye min tuwo."